Mahayin da ya ci sukuwa bayan ya cika, da sauran labaran da ba a ba mu ba

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan gida. Kullum zancenmu bai wuce wa ya sayi ɗan wasa, wa ya kori koci ba. Yau mu ɗan huta da Firimiya. Ga tambaya: an taɓa samun wanda ya ci gasa alhali ya riga ya rasu? An taɓa. Ranar 4 ga Yunin 1923, a filin sukuwa na Belmont Park da ke New York, wani mahayi mai suna Frank Hayes ya hau wata goɗiya da ake kira Sweet Kiss, a irin tseren nan da dawaki ke tsallake shinge. Ba wanda ya sa ta a lissafi. Shi ma Hayes ɗin aikinsa kula da dawaki ne a barga, bai taɓa cin tsere ko ɗaya ba. Ana cikin gudu zuciyarsa ta buga, amma bai faɗo ba, goɗiyar ta kai shi har ta ƙetare layi ita ce ta farko. Sai da aka zo yi masa barka aka tarar rai ya yi halinsa. Duk mai irin wannan labari ya kawo, amma da sharaɗi: da suna da shekara.

Ɗan Fagge:
Baban Ummi, da girmanka? Wannan ai irin labarin Indiya ta ci Najeriya 99 da 1 ne, wanda ƙwallo ke komawa zaki in ta doshi gola.

Ticha:
Ɗan Fagge, raba su. Na Indiya ba a taɓa buga shi ba, babu shi a kundin kowa, hirar dandali ce kawai da muka taso muka tarar. Na Hayes kuwa jaridun New York na washegari sun buga shi. In kuma cin ƙwallo na fitar hankali kake nema, na gaskiya ya fi na ƙaryar. A Madagaska, Oktoban 2002, AS Adema ta ci SO l'Emyrne 149 da nema. 'Yan l'Emyrne ne suka yi fushi da alƙalancin da aka yi musu a wasan baya, suka dinga zura wa kansu daga farko har ƙarshe. A ɗora ƙwallo a tsakiya, su juya su nufi ragarsu. 'Yan Adema suna tsaye suna kallo.

Ɗan Fagge:
To wannan ko ni an sa a gaba zan fito a gwarzon wasa.

Mai Sirdi:
Ni labarin Hayes bai ba ni mamaki ba, tausayi ya ba ni. Wanda bai san harkar ba yana ganin mahayi zama kawai yake yi doki na aiki. Abin da ke cin mahaya shi ne nauyi. A Kentucky Derby, babbar gasar sukuwa ta Amurka, kilo 57 ne abin da doki zai ɗauka, da mutum da sirdi da komai. Namiji baligi fa. Shi ya sa za ka ga mutum ya ƙi cin abinci, ya rufa da kaya masu nauyi yana gudu cikin rana don ya yi gumi. Hayes ma haka ya yi, ya zubar da nauyi da gaggawa cikin 'yan kwanaki don ya samu hawan. Ko a nan wajenmu duba wa ake ɗorawa ranar sukuwa: yara ƙanana masu jiki kamar kara, wani ko hular kwano babu. In doki ya ci, sunan Alhaji za a kira a lasifika. In yaro ya karye, mai ɗori.

Hajiya Babba:
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi kenan.

Ticha:
Hajiya kin taɓo inda nake son zuwa. Tunda Mai Sirdi ya ambaci Kentucky Derby, bari in ba ku abin da ko Amurkawa da yawa ba su sani ba. An fara ta a 1875, shekara goma kacal da soke bauta a can. Cikin mahaya 15 da suka shiga tseren farko, 13 baƙar fata ne. Wanda ya ci, Oliver Lewis, matashi ne a kan doki mai suna Aristides, kuma wanda ya horar da dokin, Ansel Williamson, a cikin bauta aka haife shi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A gonakin kudancin Amurka bayi ne ke barga, su ke wanka, su ke kiwo, su ke hawa. Da aka tashi yin gasa, su ne suka san doki.
Cikin gasa 28 na farko, baƙaƙen mahaya sun ci 15. Isaac Murphy shi kaɗai ya ci uku, 1884 da 1890 da 1891. Amma da kuɗi ya shigo harkar sosai, sai fararen mahaya suka haɗa kai. A matse baƙin mahayi a jikin shinge, a tare masa hanya, a zabga masa bulala ana cikin gudu. Masu dawaki suka ga dukiyarsu za ta salwanta, suka daina ba su hawa. Daga 1921 har 2000 ba a sake ganin baƙin mahayi a wannan tseren ba.

Auta:
Malam, wa ya ci na ƙarshe a cikinsu?

Ticha:
Jimmy Winkfield, 1901 da 1902 a jere. Shi kam rayuwarsa sai a yi fim. Da ƙofa ta rufe a gida sai ya tafi Rasha, zamanin sarauta, ya zama zakaran mahayan ƙasar, ya yi kuɗi na gaske. Juyin juya hali ya taso. A 1919 shi da wasu suka kwashi dawakin sukuwa sama da 200 daga Odessa suka kora su ta ƙasa har Folan, suna ratsa yaƙi da yunwa. Daga nan Faransa, ya sake gina kansa a Maisons-Laffitte kusa da Faris, sai ga Jamusawa a yaƙin duniya na biyu, ya sake gudu. A 1961 aka gayyace shi Louisville bikin Derby, yana tsoho, shi da 'yarsa. Mai gadin otal ɗin ya tare su ya ce baƙaƙen fata ba sa shiga ta ƙofar gaba. Mutumin da ya ci gasar sau biyu. A Faransa ya rasu, 1974.

Ɗan Damagaram:
Allah sarki. Amma ni abin da ya fi tsaya min a rai daban ne. Dawakin nan da Turawa ke taƙama da su, asalinsu daga ina? Duk dokin sukuwa na jinsin Thoroughbred a duniya, in ka bi salsalarsa ta wajen uba, ɗayan ingarmu uku za ka tarar, kuma ba ɗan Ingila a cikinsu. Akwai Byerley Turk, dokin yaƙi ne na wani kyaftin. Akwai Darley Arabian da aka sayo a Halab ta Siriya a 1704. Sai Godolphin Arabian da ya bi ta Faransa kafin ya isa Ingila wajen 1729. Binciken jini ya nuna kusan kashi 95 cikin ɗari na dawakin yau ta wajen uba daga na Halab ɗin nan suka fito. Doki ɗaya! Kuma bai taɓa shiga tsere ba shi kansa.

Mai Sirdi:
Haka ne. Shi Godolphin ɗin ma masana doki sun daɗe suna gardama, wasu na cewa ba Balarabe ba ne, jinsin dawakin Arewacin Afirka ne, irin waɗanda fatake suka dinga ƙetaro Sahara da su zuwa ƙasashenmu. In haka ne to dangin namu ne na nesa. Kuma sunansa Sarkin Dubai ya sa wa bargarsa, masu shuɗiyar riga ɗin nan.

Ɗan Fagge:
Dangin namu amma nasu na hawa jirgi, namu na cin dusa bashi. Ku dai bar mu da ƙwallo. Sukuwa da golf duk wasan masu kuɗi ne. Balle golf, tsofaffin janar-janar suna yawo a ciyawa yaro na binsu da jaka.

Hajiya Babba:
Ɗan nan, wasan da kake rainawa sai da sarki ya yi masa doka. A 1457 majalisar Sarki James na Biyu na Sikotilan ta haramta golf, ta haɗa da ƙwallon ƙafar taka, saboda samari sun bar koyon harbin baka sun koma buga ƙwallo, ga Ingila a maƙwabta tana jiran su. Ka ga ai ba don janar-janar aka yi dokar ba, talakawan da za a tura fagen daga ne suka kamu. An maimaita dokar a 1471 da 1491, ba a ji ba. Ƙarshenta a 1502 sarki James na Huɗu ya sayi nasa sandunan.

Baban Ummi:
Kuma tsohon filin St Andrews, inda duk ɗan golf ke burin bugawa, filin jama'ar gari ne. Ranar Lahadi rufe shi ake yi, mutane su shigo yawo da karnukansu. Daga nan ma ramuka 18 da ake bugawa a wasan golf suka samo asali. Da 22 ake bugawa a wurin, a 1764 suka ga ramukan farko sun yi gajeru suka haɗe su, lissafi ya koma 18, duniya ta bi.

Ticha:
Amma Ɗan Fagge yana da 'yar gaskiya, sai dai ba inda yake zato ba. Abin da ya mayar da golf na masu hali ƙwallon ce. Da fata ake ɗinka ta, a dafa gashin dinya cikin hula guda a cusa a ciki tun yana jiƙe, in ya bushe ta yi tauri. Gwani ba ya wuce uku ko huɗu a wuni, don haka ƙwallo ɗaya takan fi sandar tsada, kuma ruwa na taɓa ta ta lalace. Sai a 1848 aka fara yin ta da ƙaron wata bishiya ta ƙasar Malaya, farashi ya faɗi. A nan ne 'yan wasa suka lura sabuwa mai sumul ba ta nisa, wadda ta sha duka ta yi tabo ita ke tafiya. Sai masu yi suka fara bubbuga ta da guduma tun kafin a sayar. Asalin 'yan lotsa-lotsan da kuke gani a jikinta kenan.

Ɗan Fagge:
Duk na ji. Yaron da ke bin su da jaka fa? Shi ma jama'ar gari ne?

Mai Sirdi:
Shi ne mahayin golf ai. Labarin ɗaya ne.

Ticha:
Ɗaya ne kuwa. A Durban ta Afirka ta Kudu an yi wani ɗan asalin Indiya, Papwa Sewgolum, ɗan talakawa, mai ɗaukar jaka. Ba wanda ya koya masa, har riƙon sandarsa a juye yake, hannun hagu a ƙasa. Ya je Holan ya ci gasar ƙasar sau uku, 1959 da 1960 da 1964. A gida ya ci Natal Open a 1963, ya sake ci a 1965 inda ya doke Gary Player, shahararren ɗan golf farar fata na ƙasar, da kansa. Amma dokar wariya ta hana shi shiga zauren kulob, a waje aka miƙa masa kofi ana ruwan sama, fararen da ya doke suna ciki. Hoton ya zaga duniya. Maimakon gwamnati ta ji kunya sai ta ƙara matse shi, ya mutu a talauce. A Amurka ma sai 1961 ƙungiyar ƙwararrun 'yan golf ta cire sharaɗin "farare kaɗai" daga tsarinta, kuma sai 1975 baƙar fata na farko, Lee Elder, ya buga Masters, ɗaya daga cikin manyan gasannin golf na duniya. Alhali ɗan katakon da ake ɗora ƙwallo a kai kafin bugun farko, cikin waɗanda suka fara yi masa rajistar ƙirƙira akwai wani baƙin likitan haƙori na Boston, George Grant, tun 1899.

Hajiya Babba:
Ku ba mata wuri su ma. Margaret Abbott, Ba'amurkiya, tana Faris karatun zane a 1900 ta ga sanarwar gasar golf ta mata, ta shiga ita da mahaifiyarta. Ramuka tara, ta gama da bugu 47, ta zo ta ɗaya, aka ba ta kwanon tangaran ta tafi gida. Har ta rasu a 1955 ba ta san gasar Olamfik ta ci ba, balle ta san ita ce mace ta farko daga Amurka da ta taɓa ci. Wasannin shekarar an cakuɗa su da bikin baje koli, ba wanda ya san wanne ne wanne. Sai bayan shekaru wata malamar jami'a ta tono, ta nemo 'ya'yanta ta gaya musu.

Auta:
Hajiya wannan ai kamar ƙarya. Ni da na ci ko gasar langa ta unguwa sai an gaji da ni.

Malam Na Zaure:
Ina ta karatu ban sa baki ba. Dokar sarkin Sikotilan ta tuna min da abin da ke wajenmu. Ya zo a hadisi cewa babu sa lada a tsere sai a harbi, ko raƙumi, ko doki, wato abubuwan da ke shirya mutum ga kare kai. Kuma Abdullahi ɗan Umar ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya shirya tseren dawaki a Madina kashi biyu. Waɗanda aka horar daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, wanda ya fi kusa sosai. Horon kuwa malamai sun bayyana shi: a ciyar da doki har ya yi ƙiba, sannan a rage masa abinci, a rufa masa bargo ya yi gumi, naman banza ya zube. Don haka sukuwa ba baƙuwarmu ba ce. Abin da ya ɓata ta caca, 'yan kallo su zuba kuɗi kan dokin da ba nasu ba.

Mai Sirdi:
Allah ya gafarta Malam, wannan horon har gobe shi ake yi, bargon ne kawai ya canja.

Ɗan Fagge:
Malam, a cire caca a ga in sukuwar Turai za ta kai wata ɗaya.

Ɗan Damagaram:
Ta Turai ƙila. Amma a filin Dubai ba a buɗe tagar caca, kuma tun 1996 suke gasar kofin duniyarsu. Saudiyya ta fara tata a 2020 da ladan dala miliyan 20, babu tseren da ya kai shi. Sai dai kafin mu yi tafi, a tuna da tseren raƙuma. Shekaru ana kwaso yara ƙanana daga Pakistan da Bangladesh da Sudan da Muritaniya ana ɗaure su a doron raƙumi saboda rashin nauyi. Sai wajen 2005 aka hana, aka koma ɗora ɗan mutum-mutumi mai bulala. Masu raƙuman na bin gefen fili a jif, da rimot a hannu, suna yi wa raƙumi ihu ta oba-oba.

Bakatsine:
Kun zaga duniya kun bar gida. Ƙwallon dawaki fa? Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne ya rungumi folo ya kafa ta a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuwa ya buga ta har Turawa suka sara masa. A wajenmu sarki da kansa ke kan sirdi, ba ya aika yaro. Ga kuma ɗaya da za ku ci gardama da ita: a folo ba a yarda ka riƙe sanda da hagu ba ko bahago ne kai, don in biyu suka tunkari ƙwallo ɗaya da hannu daban, dawakin gaba da gaba za su haɗu. Sannan dandalin Tafawa Balewa na Legas, inda aka sauke tutar Ingila a 1960, filin sukuwa ne a lokacin.

Ɗan Fagge:
Bakatsine ba zai bari a tashi ba a ambaci Katsina ba. To ni ma ga nawa, don kar a ce ban kawo komai ba. Gudun fanfalaki na Olamfik a St. Louis, 1904. Wanda ya fara isowa, Fred Lorz, ashe mota ya hau ta kai shi kusan kilomita 18. Ana shirin karrama shi asiri ya tonu. Wanda aka bai wa nasarar, Thomas Hicks, masu kula da shi sun ɗirka masa gubar ɓera kaɗan da farin ƙwai da giya wai don ƙarfi, riƙe shi aka yi ya ƙarasa. Akwai 'yan Afirka ta Kudu biyu, Len Taunyane da Jan Mashiani, baƙaƙen Afirka na farko a Olamfik. Karnuka suka bi Taunyane suka fitar da shi daga hanya, duk da haka ya zo na tara. Mutum 32 suka tashi, 14 suka gama.

Baban Ummi:
Ashe kana da kaya kake ɓoyewa. To ku raba min wannan gardamar. Masters ta 1968, Roberto De Vicenzo na Ajantina, shi ma da ɗaukar jaka ya fara. Ranar ƙarshe, ranar da ya cika shekara 45, ya buga rami na 17 da bugu uku, duniya na kallo a talabijin. A golf abokin bugunka ne ke rubuta maka maki, kai ka duba ka sa hannu. Tommy Aaron ya rubuta 4. De Vicenzo bai lura ba ya rattaba hannu. Doka ta ce in ka sa hannu kan adadin da ya fi naka yawa, shi za a ɗauka. Bugu ɗayan nan ya hana shi kunnen doki da Bob Goalby, Goalby ya ɗauki kofi. Adalci ne?

Hajiya Babba:
Zalunci ne tsagwaronsa. Kowa ya ga uku. Takarda ta fi ido?

Ticha:
Hajiya, a gafarce ni, ban bi ki ba. Fili ne mai faɗin gari guda, alƙali ba zai bi kowa ba. Wasan gaba ɗaya a kan amanar sa hannun nan yake tsaye. In aka ɗaga wa wanda kyamara ta haska ƙafa, wanda ba ta haska ba fa?

Hajiya Babba:
Sai a hukunta wanda ya rubuta, ba wanda ya buga ba. Shi Aaron ɗin me aka yi masa?

Baban Ummi:
Ba komai. Shi ma ya ci Masters ɗin a 1973.

Hajiya Babba:
Ka ji ko!

Auta:
Yaya Mai Sirdi, kafin a watse, wai da gaske an taɓa garkuwa da doki?

Mai Sirdi:
Da gaske. Shergar, dokin Aga Khan, wanda ya ci Derby ta Ingila a 1981 da tazarar tsawon doki goma, ba a taɓa irinta ba. Aka ajiye shi a wata barga a Ailan don barbara. Fabrairun 1983 'yan bindiga suka zo da dare da fuska a rufe, suka tasa mai kula da shi a gaba ya loda musu dokin a mota. Suka nemi fam miliyan biyu. Abin da ba su sani ba, Aga Khan ya riga ya raba mallakar dokin kashi 40 ya sayar da mafi yawa, don haka ba mutum ɗaya za a kira a yi ciniki da shi ba. Masu hannun jarin suka ƙi biya, don in suka biya kowane doki mai tsada ya shiga uku. Bayan 'yan kwanaki waya ta ɗauke. Ba a kama kowa ba, ba a ga dokin ba har yau.

Ɗan Fagge:
Admin, goge wannan kafin ya fita daga gidan nan. Sallah ta kusa, akwai masu dawaki a unguwarmu.